Langa a Busasshen Gulbi

Kukan shanun ne Halliru ya fara ji, kafin ya hango ƙahonninsu. Garke guda ya ɓalle daga gaɓar arewa, ya nufo rijiyar da aka haƙa tsakiyar gulbin bayan Sabon Birni. Shekara biyu ke nan da fari, shanun sun shanshano ruwa, ba sandar da za ta tsayar da su.

Halliru kuwa yana zaune dab da bakin rijiyar, ƙafarsa ta hagu cikin ƙwaryar ruwa. Kurkunu ne ya fito masa a idon sawu. Kwana goma sha tara yana naɗe shi a ɗan tsinke, kullum kaɗan-kaɗan. In ya tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura ta sandare, noma ya ƙare ko da sama ta zubo. Matarsa Rahmatu ce ta kawo shi kan jaki, ta koma gida da tuluna. Ya zabura zai raruma sandar dogarawarsa, hannu ya ture ta, ta faɗa rijiya.

Can ya ga mutum na falfala gudu gaban garken, malafa na lilo a wuya. Labbo ne, makiyayi, abokinsa tun suna yawo ba wando.

"Halliru! Tashi, ɗan banza! Sun ƙwace mini!"

"In tashi da mi? Ƙahwar ba ta takuwa!"

Labbo ya iso yana haki. Yunwa ta mayar da shi kamar kara, ko tunkiya ba zai iya saɓawa ba.

"To langa! Kama ta ta baya, ni ad dokinka!"

Rabon Halliru da jin kalmar shekara talatin. Wasan dandali ne: ka lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya, ka riƙe yatsanta, ka yi ta tsalle da ɗayar har wurin sha. Wanda ya saki ƙafa ya mutu. Doki kuwa ba ya neman sha, aikinsa ya sa kafaɗa tsakaninka da masu son kayar da kai.

Ya damƙi babban yatsan, ya miƙe.

"Ina as sha?"

"Gawon can bisa gaɓa! In ka saki na kashe ka da kaina!"

Tsalle ɗaya, yashi ya haɗiye dugadugansa. Ya fizgo, ya ƙara. Ƙasa na girgiza. A tsalle na ashirin cinyarsa ta fara rawa, tsinken na reto yana jan tsokar ƙafa kamar ana zura masa allura.

"Can da kai ba ka hwaɗuwa," in ji Labbo daga bayansa. "Tuwon Rahmatu ya lalata ka!"

Wani jan bijimi ya ware ya yo kansu. Halliru ya ji hucinsa a ƙeya. Yatsunsa suka fara zamewa don gumi. Sai ya ji ƙarar sanda a kan ƙaho, sai "tim", sai nishin Labbo. Bai waiwaya ba. Mai zuwa sha ba ya waiwaye. Ya ƙara damƙa, ya ci gaba, har goshinsa ya bugi gawo.

"Na sha!" Bakinsa ne ya faɗa da kansa.

Ya zube, ya juyo ƙafar ya duba. Tsinken na nan, kurkunu bai tsinke ba.

Labbo ya hauro da rarrafe, kafaɗa a goce, jini a haɓa, yana dariya.

"Kai dai ka sha. Dubi rijiyarku."

Ba rijiya. Shanu sun rufta ta, suna lasar jiƙaƙƙen yashi.

Inuwa ta faɗo a kansu. Wani Buzu ne kan raƙumi, leɓɓansa a tsattsage. Ya yi sallama, ya dubi inda rijiyar take ɗazu.

"Wanga garke naku na? To ku gaya wa mai gari. Bakwai irinsa na bayana daga Maraɗi, an ce musu nan akwai ruwa. Kafin la'asar sun iso."