Tazara Biyu Bayan Aya

Ranar Talata, lokacin hutun ƙarfe goma, saƙon ya shigo wayar Najiba tana zaune a inuwar itacen bedi na lakwal ɗin da take koyarwa a Mayahi. Daga gidan buga littattafan nan ne na Yamai da ta aika wa labarinta. Ba su ce sun karɓa ba, ba su kuma ce sun ƙi ba. Sun dai ce ƙa'idarsu tazara ɗaya ce bayan kowace aya, nata kuwa daga shafi na arba'in da ɗaya har ƙarshe tazara biyu-biyu ce, don haka ta gyara ta sake aikowa kafin wata ya ƙare.

Gyaran bai dame ta ba. Shafi na arba'in da ɗayan nan ne ya ɗaure mata kai.

Shekara biyu ta yi tana rubuta labarin da bik, da hannunta, ya cika kaye shida, littattafan rubutu irin na ƴan lakwal. Duk abin da ke zuciyarta yana ciki, sunaye kawai ta sauya. Da yake ba ta da ordinater, na'urar da ake buga rubutu, sai ta damƙa kayen a hannun Mudassir, malamin gona a Tasawa, wanda aka sa ranar aurensu bayan girbi. Ya dafa ƙirji ya ce shi zai buga da yatsunsa, kuma ba idon da zai gani bayan nasa. Da ya gama ya turo mata ta waya, ya ce ƙarshen labarin ya sa shi hawaye. Kwana uku tana jin daɗin wannan magana kamar mai tsotsar dabino.

Yanzu ta buɗe rubutun ta ƙura masa ido. Shafi arba'in na farko jimlolin a matse suke, kafaɗa da kafaɗa. Daga nan kuwa sai ga gurbi bayan kowace aya, kamar wushirya. Ta koma cikin saƙonnin Mudassir na shekara biyu tana bi ɗaya bayan ɗaya har aka buga ƙararrawa. Mutumin da ko tazara ɗayar ma wani lokaci mantawa yake, yaushe ya koyi biyu?

Wani hannu ya taɓa kayenta. Zuciyarta kuwa ba ta yi wata-wata ba ta ba hannun suna: Sa'adiya, sakatariyar biron su Mudassir, mai dogayen yatsu da jan lalle, wadda ta taɓa ɗaukar wayarsa ta ce yana cikin taro. Najiba ta hango ta tana karanta babin da yarinyar labarin ta fara ganin saurayin a kasuwar Kanan-Bakashe yana duba irin wake, tana karantawa tana toshe baki.

Bayan la'asar ta kira shi. Ta tambaye shi, da murya mai sanyi, wa ya buga mata labarin. Ya ce shi mana, wa kuma. Ta ce to ya tuna mata abin da yarinyar ta yi a shafin ƙarshe, tun da shi ne ya sa shi kuka. Sai ya yi ta "alo, alo", ya ce rezo ba kyau, wayar ta katse.

Ranar Alhamis ta nemi izinin dirakta ta shiga motar Tasawa. Ba ta shiga biron kai tsaye ba. Ta tsaya gaban allon sanarwa da ke baranda, ta kai fuskarta kusa da takardun da Sa'adiya ke bugawa, tana auna gurbin bayan kowace aya da farcenta. Ɗaya. Ɗaya. Duk ɗaya. Maimakon ta ji sanyi, sai zarginta ya ƙaru: ashe ma wata ce can da ba ta sani ba.

Sa'adiyar ce ta leƙo ta gan ta, ta gaishe ta da fara'a, ta yi mata ya mai jiki. Najiba ta ce wane mai jiki. Nan ta ji cewa yau mako biyar ke nan da moto, babur ɗinsa, ya kayar da Mudassir cikin rairayin hanyar Hawandawaki, hannunsa na dama yana ɗaure, yana gida.

Sau ɗaya ta taɓa shiga gidan su Mudassir, shi ma a bayan gwaggonta. Amma yau ƙafarta ba ta nemi shawarar kunya ba. Tun daga zaure ta ji bugun, mai ƙarfi, mai tsari, kamar ana surfa tsaba: ƙwas-ƙwas-ƙwas, sannan tak-tak. Ta yi sallama ta shiga.

Hajiya Balkisu, mahaifiyar Mudassir, tana zaune kan tabarma, ordinater ɗinsa a gabanta bisa kujera ƴar tsugunno, tana buga wa wata maƙwabciya takarda. Ko kallon yatsunta ba ta yi. Da ta kai aya sai babban yatsanta ya sauka kan dogon maɓallin sau biyu. A gefenta, cikin faifai, ga kaye shida an jera su.

Najiba ta ƙura wa kayen ido. Babi na tara ta tuna, inda ta zana uwar saurayin: tsohuwa mai kallon mutum ta saman gilashi kamar mai tsince tsakuwa a gero, mai amsa gaisuwa da hanci.

"Zamna, ɗiyata," in ji Hajiya, ta dube ta ta saman gilashi.

Najiba ta durƙusa ta gaishe ta, kai a ƙasa. Da ƙyar ta iya faɗin abin da mutanen Yamai suka rubuto. Hajiya ta yi tsaki kaɗan. Ta ce shekara ashirin da shida ta yi tana aikin daktilo, buga takardu, a gidan parfe, shugaban gunduma, a kan mashin na ƙarfe wanda duk haruffansa faɗinsu ɗaya, in ba ka buga biyu bayan aya ba ba a gane inda magana ta tsaya. Malamar da ta koya musu da rula take bin yatsunsu. Yatsa kuwa ba ya mantuwa.

"Sirrin parfe shida ya bi ta hannun ga, ba wanda ya taɓa jin shi a bakina," ta ce. "Naki ma haka." Ta gyara gilashinta. "Sai dai tsohuwar nan ta babi na tara, kin ce gilashinta baƙi ne. Ruwan ƙasa ne. Ban gyara ba, daktilo ba ta gyara maganar mai magana."

Najiba ta ja mayafi ta rufe fuska, ta so ƙasa ta tsage.

Sai ga Mudassir ya fito daga ɗaki, hannu rataye a wuya. Da ya gan ta ya tsaya cik. Ya fara bayani tun ba a tambaye shi ba: ya kai shafi arba'in ya faɗi, lokacin aikawa ya matso, ya ji tsoron in ya gaya mata za ta karɓe kayen ta fasa.

Ba ta kira sunansa ba, saboda idon Hajiya. A hankali ta ce, "Ka ce mini ka yi kuka."

Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma.

"Ni na yi kukan," in ji Hajiya. "Wancan ya gani ya ara."

Najiba ta dubi Mudassir. Ciwon da ya ɓoye za ta iya yafewa. Ko babi na tara ma, kunyar tata ce, za ta haɗiye. Amma mutumin da za ta ba rayuwarta ya tsaya a shafi na arba'in na zuciyarta, ya kuma ari hawaye ya turo mata.

Mudassir ya ce gyaran ba wuya, akwai inda ake dannawa duk tazarar ta fita lokaci guda, minti ɗaya ma ya yi yawa.

"Na san shi," ta ce. "Ban yarda ba. Ɗaya bayan ɗaya za ka cire su, da hagunka, kana karanta kowace jimla. In ka kai ƙarshe ka gaya mini abin da yarinyar ta yi. Sannan mu ga maganar bayan girbi."

Ya dubi mahaifiyarsa neman ceto. Hajiya ta sallami maƙwabciyar, ta tura masa kujerar da ƙafa.

Ya zauna ya nemo shafi na arba'in da ɗaya. Najiba ta matsa inda za ta riƙa ganin fuskarsa, ta kafa wa leɓunansa ido, don ta tabbatar suna motsi kafin yatsan ya sauka.