Ƙuma a Ɗakin Inna

Ranar Talata abin ya fara. An kwana ana yayyafi, gari ya waye da zafi mai maiƙo, irin wanda riga ke manne wa mutum a baya tun bai ɗaga tsinke ba. Na fito buɗe akurki, na tarar da zakaranmu a rakuɓe a lungu, fukafukai a sake, zankonsa ya koɗe kamar tsohon zane. Ko cara bai yi ba. Da na ɗaga shi, sai na ji wani abu yana bin hannuna a hankali, yana hawa. Na duba, 'yan ɗige-ɗige ne kamar garin barkono, amma suna tafiya.

Kajin na Inna ne, mahaifiyarmu. Sha biyu ta bari da ta rasu a farkon damina. Ni ba mai kiwo ba ne. Na bar makaranta ban gama ba, na taɓa kanikanci, na taɓa walda, babu inda na zauna har kujera ta san ni. A lokacin ma jakata a ɗaure take, ina jiran wani abokina direban babbar mota ya zo mu wuce. Amma da yake ni ne marar aikin yi a gidan, kajin suka faɗo kaina.

Yayata, wadda ke zuwa kullum daga gidan mijinta ta yi mana girki ni da Baba, ta leƙo daga kicin.

"Sarkin yawo, yau kuma zakara ka runguma? An rasa budurwa ne?"

"Yaya, zo ki gani."

Ta zo, ta kalli hannuna, ta yi tsalle baya. "Ƙuma ce! Wallahi ka shigo mini kicin da ita, ludayi zai ƙare a kanka."

Na ɗauki zakaran na tafi wurin mai maganin dabbobi na kusa da injin niƙa. Ya buɗe gashin zakaran a ƙarƙashin jela, ya nuna mini wani farin abu da ya dunƙule a gindin gashin.

"Wannan ƙwan ƙwarƙwata ne. Ita mai sauƙi ce, a jikin kaza take zaune, hoda za ta kashe ta. Ƙuma ce ɓarauniya. Da rana tana cikin tsagar katako da tsumma, duhu na yi ta fito ta sha jini ta koma. Ka yi wa kaza magani ka bar makwancinta, wahalar banza ka yi, ɗan samari. Suna da toka?"

"Tokar me?"

"Ta birgima mana. Kaza ba ta wanka da ruwa."

Inna har ta rasu da itace take girki, ta ce abincin gas ba ya shiga jikinta. Kowace safiya sai ta kwashe tokar murhu ta zuba a wani rami a bayan kicin, kajin su bi ta su yi ta birgima har su fito fari fat. Mu duk mun ɗauka juji ne. Bayan rasuwarta Yaya ta kawo tukunyar gas, ta wanke baƙin bango, aka cike ramin da tsakuwa don tsabta. Inna ba ta taɓa ce mana magani ne ba. Wataƙila ita ma ba ta taɓa kiransa haka ba.

Na koma gida na kama aiki. Kowace kaza in riƙe ƙafafunta, in buɗe gashin, in barbaɗa hoda a hammata da wuya da ƙarƙashin jela, ina kare mata ido da tafin hannu. Na kwashe tsohuwar ciyawar akurki na ƙone, na kankare sandar da suke kwana a kai, na fesa magani a kowace tsaga. Sha ɗaya na yi wa. Ta sha biyun ba a akurki take ba.

Ita ce kazar nan wake-wake, mai ɗigon baƙi da fari, da Inna ke kira Ƙawata, har kowa ya koma ce mata Ƙawar Inna. Lokacin jinya, ita kaɗai ke shiga ɗakin ta zauna a gefen gado. Da aka fitar da Inna, sai kazar ta haye gadon, ta yi gurbi a cikin zanen da aka bari a kan katifa, ta zuba ƙwai, ta fara kwanci. Baba ya ce kada wanda ya taɓa komai. Tsohon kafinta ne, gadon ma shi ya haɗa shi da hannunsa shekarar da suka yi aure. Kullum bayan la'asar sai ya shiga ya zauna a bakin gadon har a kira magariba.

Na same shi a can. Ɗakin na warin man zafin Inna har yanzu, takalminta na bakin ƙofa, ɗaya ya hau kan ɗaya. Kazar ta kalle ni da ido guda, zankonta fari.

"Baba, ina so in fitar da gadon nan rana. Da katifar."

"Rage murya," in ji shi. Ya miƙa hannunsa na dama a kan katakon gadon. "Tana nan, ka sani? In na zauna, can sai in ji ta ɗora mini hannu a nan. Tana shafawa a hankali, har kafaɗa, kamar yadda take yi in za ta tashe ni."

Na sunkuya. Hasken taga ya faɗo a kan hannunsa, na gan su, suna fitowa daga mahaɗar katako a jere, suna hawa fatarsa.

"Baba, ƙuma ce."

"Kai da ko teburin makaranta ba ka iya zama a kai ba, kai za ka faɗa mini hannun matata?"

"Za su shanye jinin kazar."

"Ka zuba mata hodarka. Gado kuwa, sai bayan raina."

Na zuba mata. Ba ta ko tashi daga kan ƙwan ba, ta dai yi wani ɗan kuka a maƙogwaro. Amma me hoda za ta yi, alhali gidan ƙumar na ƙarƙashinta? Sauran kajin kuma da rana ta take sai su bi inuwa su shige ɗakin, kamar yadda suka saba bin Inna, su kwanta a ƙarƙashin gado, su kwaso ƙumar su mai da akurki. Na rufe ƙofar, Baba ya buɗe. Ya ce Inna ba ta son ɗaki a rufe.

Zakaran ne ya fara mutuwa. Sai jar kaza, sai 'yan matasa biyu a safiya ɗaya. Ba sa shure-shure, kawai sai ka tarar da su a kife, ba nauyi, kamar an zare abin cikin an bar gashin. Yaya ta yi wa Baba magana har da kuka, ya ce ta je ta kula da gidan mijinta. Abokina direba ya zo ya yi ta danna hon a ƙofar gida, na leƙa na ce ya wuce, sai wani jiƙon.

Wata rana da Baba ya fita, na shiga da niyyar in ja gadon waje ko me zai faru. Na zauna a bakinsa in cire takalmi, na dafa katakon. Ba a jima ba na ji shi. Daga wuyan hannu ya fara, a hankali, da ɗan ɗumi, ya bi ta gwiwar hannu, daidai inda Inna take riƙe ni in ta ce, "Zauna mana, ina za ka kuma?" Na san mene ne. Ni na sayo maganinsa. Amma ban kakkaɓe ba, kuma ban ja gadon ba.

Ran Juma'a da safe Baba ya kira ni da muryar da ban san shi da ita ba. Ƙawar Inna tana kan ƙwanta, fukafukai a baje kamar kullum, kanta a kan zanen. Ta yi sanyi. Ƙwan ma sun yi sanyi. Ya ɗaga ta, ya auna ta a tafin hannu, ya daɗe.

"Ba komai a cikinta," ya ce. "Ɗauko mini gudumata."

Bai fasa gadon ba. Kwance shi ya yi, ƙusa bayan ƙusa, yana tara su a aljihu. Kowace mahaɗa ya buɗe sai ka ga ta cika da su, ja wur, sun ƙoshi. Muka fitar da katakon tsakar gida, da katifar audugar, da zanen. Shi ya ƙyasta ashana. Yaya ta shige kicin ta rufe ƙofa.

Da wutar ta mutu, tokar katakon ta huce, Baba ya ce in tone tsakuwar bayan kicin. Na tone, ya kwaso tokar da tsohon farantin Inna ya zuba. Kajin da suka rage suka zo suna ɗingishi, suka tsaya suna kallo, sai ɗaya ta faɗa ciki ta fara birgima, saura suka bi.

Na wanke ɗakin, na fesa magani a bango da ƙasa. Bayan la'asar Baba ya shiga da tabarma, ya zauna inda gadon yake a da, ya miƙa hannunsa na dama. Ina tsaye a ƙofa har aka kira magariba. Ya naɗe tabarmar, ya wuce ni bai kalle ni ba.

"Ba ta zo ba," ya ce.

Abin da muka rasa: zakara ɗaya, kaji huɗu har da Ƙawar Inna, ƙwai tara da ba su ƙyanƙyashe ba, gado, katifa, zane ɗaya, da hannun da ke shafa Baba bayan la'asar.