Ranar Buromin

Shekara talatin Baba ya yi yana koyar da kimiyyar sinadarai, kuma akwai rana ɗaya a shekara da ko sarkin gudun aji ba ya fashi: ranar buromin. Zai tsiyaya ruwan nan ja mai warin tsiya a kofi, cikin akwatin gilashin da ke zuƙe hayaƙi, ya yago ɗan fallen alminiyam ya jefa, ya ja murfi. Sai ya juya wa akwatin baya, ya hau goge tabarau da bakin riga. Shiru. Sai mun fara gunaguni, sannan fallen ya kama tsalle, tartsatsi ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe. Ko waiwaye ba ya yi, ihunmu ke gaya masa.

Ni ma na zauna a ajinsa. Ranar tamu na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ƙara wani, wannan ya mutu." Ya ce akwai 'yar fata a jikin fallen, sai ruwan ya cinye ta tukuna. Tun daga ranar sunana ya koma Garaje, gida da makaranta. Na tsani sunan nan ba kaɗan ba.

Yanzu ni ke riƙe da ɗakin gwajin. Shi kuwa tsufa ya kwashe masa mutane daga ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kaina. Wata takwas yana ce mini "baiwar Allah", in na kawo masa ruwa ya yi ta godiya kamar ga baƙuwa. Godiyar nan tana ci mini rai.

Da aka ce za a zo a kwashe ragowar buromin, an daina gwajin a makarantu, sai na ce zan kai Baba ya ga gwajin ƙarshe.

Yayana ya ce, "Wahalar da shi kawai za ki yi. Mu ma bai gane mu ba, balle kwalba."

Na kai shi dai, ran Asabar da hantsi. Ya zauna a kan doguwar kujerarsa mai gutsurarren gefe, yana kallon famfo da allo kamar gidan mutane. Na tsiyaya, na jefa, na rufe.

Shiru. Fallen na kwance abinsa. Baba na wasa da maɓallin rigarsa. Zuciyata ta ce kwalbar ta tsufa, Yaya ya yi gaskiya. Na yago wani fallen, na kai hannu ga murfin.

Caraf aka riƙe mini wuyan hannu.

"Ke Garaje! Sau nawa zan faɗa miki? Bar shi, yana zuwa."

Na juyo. Ya sake ni, ya cire tabarau ya hau gogewa da bakin riga, yana harara ta. Na ji tartsatsin ya tashi a bayana, hasken na rawa a fuskarsa. Kwalbar ƙarshe ce, amma ban waiwaya ba.