Ɗari da Ashirin da Ɗaya

Tun a rami na huɗu Safiyo ya san yau ba ranarsa ba ce. Idonsa dai lafiya lau yake. Shekara talatin da biyar ya yi yana awon filaye kafin ya yi ritaya, har yanzu kuma in ya hangi tuta daga nesa zai gaya maka taku nawa ne tsakaninsu, in ka auna ka tarar bai yi kuskuren taku biyu ba. Hannun dama ne ya yi masa tawaye. Wata bakwai ke nan da ya fara wata 'yar karkarwa, ba kullum ba, sai ya ɗaga sanda yana shirin bugu take zuwa, kamar baƙon da ke jira a sauke tukunya ya yi sallama.

Shi wasan golf, ga wanda bai san shi ba, ba a yabon mai yawa. Ramuka goma sha takwas ne a warwatse cikin fili, kowanne da tutarsa, kowa na bin ƙwallonsa da sanda har ya jefa shi a kowane rami, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani. Ranar gasa kuma ba a yarda mutum ya rubuta wa kansa ba. Abokin tafiyarka ke riƙe da katinka, kai kana riƙe da nasa, a ƙarshe kowa ya sa hannu a miƙa wa Sakatare, shi kuma ya liƙa sakamakon a allon bakin ƙofar kulob, inda ko mai yankan ciyawa sai ya tsaya ya karanta. Sunan Safiyo sau huɗu ya hau saman allon nan. Ba a taɓa ganin ya haura tamanin da biyar ba, kuma ya san da haka, ya kuma tabbatar kowa ya sani.

Shekara ashirin da shida mutum ɗaya ne ke riƙe masa kati, wani mai kyamis gajere mai yawan dariya, wanda duk kulob ɗin ba wanda ke kiran sunansa na yanka. Kwaɗo ake ce masa, Safiyo ne kuma ya raɗa masa, saboda akwai tafki a gaban rami na sha ɗaya, ƙwallon bawan Allahn nan kuwa ba ya wucewa bai shiga ya gai da mutanen ciki ba. Wata shekara a gasa ya yi bugu ɗari da sha tara. Safiyo ya hana maganar ta mutu. A bikin 'yar Kwaɗo ma sai da ya kawo ta, ango da danginsa suna zaune.

Bara ne ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kwaɗo, ya tafi da hannunsa da ƙafarsa na dama, ya tafi da maganar. Tun daga nan duk Asabar da yamma Safiyo kan je ya ja kujera bakin gadon, ya fito da kati ya karanta masa wasan ranar rami-rami. Da farko Kwaɗo kan kafe shi da ido, ka ga yana bin filin a zuciyarsa. Da hannun Safiyo ya fara karkarwa sai ya daina shiga gasa, ya koma fitowa da sassafe ranakun aiki yana yi shi kaɗai, in ya gama ya zauna a mota ya cike kati da lambobin da suka yi masa daɗi, huɗu nan, biyar can, uku a tafki. Su yake karantawa. Ba a daɗe ba Kwaɗo ya fara juya fuska bango in an fara karatun. Safiyo ya gaya wa kansa ciwon ne ke ci gaba. Daga nan sai ya koma gidansa, inda tun rasuwar maiɗakinsa kofi ɗaya ake wankewa, ya zauna jiran wayar 'yarsa ta ranar Lahadi.

Gasar yau Asabar ta shekara-shekara ce, Sakatare kuma ya sa sunansa bai tambaye shi ba, ya buga waya yana cewa ai ba a yi babu shi. Kunya ta hana shi ƙi. Aka haɗa shi da mutum biyu, ɗaya bai zo ba, ya rage shi da wata malamar lissafi sa'ar 'yarsa, wadda shekararta biyu kacal da fara wasan. Ba ta da surutu. In an gama rami sai ta faɗi nata, ta tambayi nasa, ta rubuta da ɗan fensirin da ta saƙale a bayan kunne. Bakwai ta rubuta masa, ta rubuta takwas, ta sake rubuta bakwai, fuskarta ba ta nuna komai ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Da ta yi dariya ma da ya samu wadda zai ji haushinta.

Da suka iso rami na sha ɗaya, mutum huɗun da ke bayansu sun riga sun cim musu, sun tsaya a gefe sun dogara da sandunansu. Duk ya san su. Biyu daga ciki shi ya koya musu riƙon sanda. Malama ta buga nata ya tsallake tafkin ya sauka lafiya. Safiyo ya dubi tutar, taku ɗari da arba'in da biyu, ya san sandar da ta dace, ya san ƙarfin da ake bukata, babu abin da bai sani ba. Ya ɗaga, hannun ya yi abin da ya ga dama, ƙwallon ya yi tsalle biyu a ciyawa ya faɗa ruwa. A ƙa'ida duk faɗawa ruwa akwai tarar bugu ɗaya. Ya ajiye wani ya buga, ya bi ɗan'uwansa. Na uku ya kusa kaiwa, ya daki bakin gaɓar can ya gangaro baya a hankali, kowa na kallo, har ruwan ya rufe shi.

Ɗaya daga cikin mutum huɗun ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Daga wannan wurin akwai 'yar siririyar hanya da ta bi bayan itatuwa ta ɓulle wurin ajiye motoci, tafiyar minti uku. Ba wanda ya share ta, ƙafafun masu zuciya ne suka yi ta. Wanda ya bi ta, abin da Sakatare zai rubuta gaban sunansa shi ne bai dawo da kati ba, ba lamba, ba abin nunawa da yatsa. Mutum ya ce bayansa ne ya riƙe, a ce masa Allah ya sawwaƙe, magana ta ƙare. Safiyo ya daɗe yana raina masu bin hanyar nan. Yau sai ya ga ashe tana da inuwa.

Malama ta matso ta rage murya. Ta ce masa in ya ga dama ya ɗauke ƙwallonsa ya huta, ya dai taimaka ya raka ta yana rubuta mata nata, tunda in ya tafi ba ta da mai sa mata hannu. Katinsa kuwa sai ta ninke ta ba shi, ba mai gani.

"Baba, ba laifi ba ne," in ji ta. "Kowa na yi."

Ba kowa ba, ya faɗa a ransa. Ranar ɗari da sha tara, a daidai wurin nan, shi da kansa ya ce wa Kwaɗo ya ɗauki ƙwallonsa ya rufa wa kansa asiri. Kwaɗo yana lalube cikin jaka yana neman wani ƙwallon ya ce ramuka sha takwas aka ce masa, ba sha ɗaya ba, in kuma ya tafi, da me Safiyo zai riƙa yi masa dariya?

Ya shafa aljihun rigarsa. Farin katin da ya tanada yana nan, wanda zai cike a mota anjima. Uku a tafki, kamar kullum. Ya ga kansa zaune a bakin gadon yana karanta wa ƙeyar mutum lambobi, ya ji wata irin gajiya da ba ta ƙafa ba.

"Nawa nake yanzu?" ya tambaye ta.

"Shida. Wanda za ka buga na bakwai ne."

Ta faɗa ba tare da ta duba kati ba, ashe tana ƙirgawa tun ɗazu. Abin ya daki zuciyarsa yadda bai zata ba. Wata bakwai rabon da wani ɗan Adam ya tsaya a gefensa ya ƙirga masa bugu. Kaɗaici ne ke cinsa, sai a lokacin ya kira abin da sunansa. Ya ɗaga wa mutum huɗun hannu ya ce su wuce, kada ya ɓata musu rana. Suka wuce sum-sum suna gaishe shi ƙasa-ƙasa, kamar masu fita daga gidan makoki. Da suka yi nisa ya ajiye ƙwallo na huɗu. Shi ma ruwa ya tafi. Na biyar ne ya tsallake, da ƙyar, ya maƙale a doguwar ciyawa. Kafin ya ji ƙarar faɗawarsa rami an kai goma sha uku.

"Rubuta," ya ce. Ta rubuta.

Ramuka bakwai da suka rage ba su zo da wani abin al'ajabi ba. Hannun bai tuba ba. Duk wanda ya cim musu sai su matsa masa ya wuce, har ya zama babu kowa a bayansu, fili ya yi fayau, ba ka jin komai sai kukan tayar keken da yake jan jakarsa da shi. A rami na sha huɗu ya yi minti biyar cikin ramin yashi yana tono kamar mai neman abin da ya binne. Malama ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma ba shi shawara ba, ya gode mata a ransa. Sau ɗaya kawai, a na sha bakwai, ya ce bakwai, ta dube shi ta ce takwas dai, Baba, akwai wanda sandar ta shafa bai tafi ba. Ya ce haka ne.

Sun iso an riga an raba kyaututtuka, ana tattara kujeru. Malama ta haɗa lissafin sau biyu, ta juyo masa da katin. Ɗari da ashirin da ɗaya. Ya daɗe yana kallon lambar, sannan ya sa hannu, sa hannun ma ya fito a karkace. Sakatare ya karɓa ya duba, ya cire tabarau ya sake dubawa, ya ja shi gefe ya ce, ranka ya daɗe, katuna kan ɓace a ofis ɗin nan, ba yau aka fara ba. Safiyo ya ce ya liƙa shi yadda yake. Sai ya fito da farin katin aljihunsa ya roƙi Malama ta kwafe masa lambobin da hannunta. Ba ta tambayi dalili ba.

Matar Kwaɗo ce ta buɗe masa ƙofa, ta ce yau ya makara, har ta ɗauka ba zai zo ba. Ɗakin na nan yadda yake, warin man zafi, kwalaben magani jere a kan teburi, jakar sandunan Kwaɗo a jingine bayan ƙofa an lulluɓe ta da tsohon zani. Kwaɗo yana kwance, fuska a bango tun kafin a fara. Safiyo ya ja kujerarsa ya zauna. Bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Rami na ɗaya, bakwai," ya ce.

Kwaɗo bai juyo ba. Ya ci gaba, na biyu takwas, na uku bakwai, na huɗu tara. A na biyar ya ga kafaɗar hagu ta motsa. Kafin ya kai na takwas kan ya fara juyowa, a hankali, da wahala, har ido ɗaya ya sauka a kansa. Safiyo ya ɗaga hannun damansa sama ya bar shi yana rawa a fili, bai ɓoye shi a ƙarƙashin kati yadda ya saba ba.

"Wata bakwai ke nan," ya ce. "Duk abin da na karanta maka ƙarya ne."

Idon bai nuna mamaki ba ko kaɗan. Nan Safiyo ya gane mutumin da ya riƙe masa kati shekara ashirin da shida ba a yi masa uku a tafki kowane mako ya yarda. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba a gaban mutum huɗun nan.

Ya koma kan katin. Da ya zo na sha ɗaya bai taƙaita ba, ya ba da labarin kowane ƙwallo, wanda ya yi tsalle biyu, da wanda ya je gaɓa ya fasa ya dawo, da mai gyaran igiyar takalmi. Wani sauti ya fara fitowa daga ƙirjin Kwaɗo, har matarsa ta leƙo a tsorace tana zaton sarƙewa ya yi. Dariya ce, da rabin baki, hawaye na gangara cikin kunnensa. Ta tsaya a bakin ƙofa da tawul a hannu, ta ce rabonta da jin wannan tun bara.

"Jimla ɗari da ashirin da ɗaya," Safiyo ya ƙarasa. "Na wuce ka da biyu."

Kwaɗo ya miƙo hannun hagu ya karɓi katin, ya kai shi dab da ido yana bin rubutun da ba na Safiyo ba. Sannan ya ɗora shi a ƙirji ya danne. Leɓensa ya daɗe yana kokawa, jijiyar wuya ta tashi. Safiyo ya sunkuya ya kai kunne. Kalma ɗaya ce, ta fito a tauye, amma da yatsan da ya ɗaga yana nuna Safiyo ba ta bukatar fassara.

"Kwaɗo."

"Na karɓa," in ji Safiyo.

Ya miƙa hannu zai amshi katinsa, mai gadon ya ƙi saki.