Maganin Ƙarƙashin Filo

"Jijjiga ki ji," in ji Mama, tana miƙa wa maƙwabciya wata farar kwalbar roba. "Autana ne ya kai ni wurin babban likita. A motarsa ya ɗauke ni, a motarsa ya dawo da ni."

Yaya tana durƙushe a gaban kujera tana yanke mata farcen ƙafa, ba ta ko ɗago ba. Baƙi nawa ke nan aka sa suka jijjiga kwalbar nan tun safe? Sai ka ce ba a taɓa yin ƙwayar magani a duniya ba sai da Auta ya sayi mota.

Ita ce 'yar fari. Tun da Baba ya rasu ta kwaso keken ɗinkinta ta dawo gidan. Ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce matsa ƙafa. Auta kuwa leƙowa ya yi daga garin da yake aiki, ya bar ƙamshin turare da maganin hawan jini, ya kama gabansa. Amma shi ne a bakin Mama safe da yamma. Kwalbar ma ba ta yarda kowa ya buɗe mata, da kanta take buɗewa ta sha.

Kishi ne, kuma Yaya ta san kishi ne. Mace da furfura a ka tana kishin ƙanin da ta goya! Sanin hakan bai rage mata komai ba.

*

Mai kemis na bakin layi yana danna waya lokacin da Yaya ta shiga.

"Maganin hawan jini nake so, na tsohuwa. Mai kyau fa, wanda ya fi na kowa."

"Tana shan wani?" ya tambaya, idonsa a kan waya.

Farar kwalbar ta gifta mata a ido. "Ba ta shan wani abin kirki."

Ya zaro kwali mai ƙyalli, ƙwayoyin ciki jajaye. "Ɗaya da safe. Wannan ai ƙarshe ne, Yaya."

Mama ta karɓi kwalin ta jujjuya. "Har da ke? To, Allah ya yi albarka." Ta cusa shi ƙarƙashin filo, shi ke nan. Ba a kira maƙwabciya ba, ba a nuna wa kowa ba. Yaya ta koma kan kekenta ta taka shi da ƙarfi har zare ya tsinke, ta yi wa kanta alkawarin ba za ta sake tayar da zancen ba.

Ba a jima ba Mama ta fara dafa bango in ta miƙe. Ana cikin hira sai ka ga kai ya langaɓe. Da Auta ya kira, Yaya ta gyara murya.

"Maganin babban likitan naka dai jiri yake sa ta."

"Haba Yaya, jikin ne bai saba ba. Ki dai kula da ita."

"Da can wa yake kula da ita?"

Ta kashe wayar. Abin kunya, wani daɗi ta ji a ranta.

*

Wata rana da hantsi Yaya ta ji ƙarar bokiti daga banɗaki, sannan shiru. Ta tarar da Mama a ƙasa, ƙafa ɗaya a karkace, leɓɓanta sun yi fari.

A asibiti likita ta ce ƙashin ƙugu ya karye, jininta kuma ya yi ƙasa sosai. "Ku kawo min duk abin da take sha. Duka, ko da na ciwon kai ne."

Yaya ta koma gida da sauri, ta fizgo farar kwalbar kamar ta kama ɓarawo. Yau kowa zai ji. Har ta kai bakin ƙofa ta dawo ɗaukar wa Mama filonta, don na asibitin tauri gare shi. Tana ɗagawa kwalin mai ƙyalli ya faɗo ƙasa.

Ba nauyi a cikinsa. Ta zaro katin ƙwayoyin, duk ramukan a ɓalle, saura ƙwaya biyu.

Ta zauna a bakin gado. Zuciyarta ta ce ta jefa shi a shara, wa ya gani? Ta daɗe a zaune kafin ta saka shi a jaka.

Likita ta haɗa kwalbar da kwalin a hannu ɗaya. "Magani ɗaya ne, launi ne ya bambanta. Ninki biyu take sha kullum. Wa ya ba ta wannan kwalin?"

"Ni ce," in ji Yaya, da kyar.

*

Da la'asar Mama ta buɗe ido. Auta yana hanya, sai kira yake yi, wayar tana ta ruri a jaka ba a ɗauka ba.

"Mama, ashe kina shan nawa?"

"Naki nake fara sha, kafin nasa," in ji tsohuwar, muryarta can ƙasa. "Shi yaro ne, sai an yabe shi a gaban mutane. Ke kuwa ai ke ce ni."

Yaya ta kifa fuskarta a kan zanin gadon. Tana jin hannun Mama yana motsi a hankali, yana laluben ƙarƙashin filo.

"Ina kika kai min shi? Yau ban sha ba."