Rigar Auta

…ga shi yau ma numfashin a wuya yake tsayawa, ba ya ƙarasawa ciki. Daga gado zuwa kujerar nan ta tsakar gida sai da na huta a hanya. Ni da nake gama wankin gidan nan kaf kafin rana ta yi zafi.

Tsoho, kana jin ƙarar nan? Autanka ne. Ya hau tsani a ɗakinmu yana ɓalle silin da ka buga da hannunka. Tun da likita ya ce asbestos ɗin da ake yin silin da shi ne ya cinye huhunka har ka bar mu, shi ne kuma yake cin nawa yanzu, yaron nan bai ƙara yi wa silin kallon arziki ba. Na ce masa likita ya ce kada a taɓa, a fasa shi ne masifar take, a nemo masu kayan aikin. Wai, "Mama, ki bar ni, na ɗaura hankici." Hankici! Wannan taurin kan dai na san inda ya gado shi.

Kai ko hankicin ba ka ɗaurawa, wai yana hana ka fito in kana aiki. Zarto, ƙura, zarto… ka dawo gida fari fat tun daga gashi har gira. Kana da ƙuruciyarka na sa maka Tsoho, yara su yi ta dariya, kai kuma ka duƙa kana dogara tsintsiya kamar sanda.

To ni me ya haɗa ni da silin? Ko zarton ban taɓa riƙewa ba. Likita ya ce, wa ke masa wanki? Na ce wa kuwa. Ya ce, kina kakkaɓewa kafin ki jiƙa? Ji tambaya. Wace macen ce za ta tsoma riga haka nan, ruwa ya koma taɓo, sabulu ya ƙi kumfa? A kama kafaɗun rigar ne, a ɗaga, fat, fat, ƙurar ta tashi cikin hasken rana tana ƙyalli. Har sha'awa take ba ni, wallahi. Ba wari, ba ɗaci… abin da zai kashe mutum ai ya kamata ya yi wari. Ashe kwanciya take a ƙirji, ta yi shiru abinta, sai mutum ya aurar da 'ya'yansa sannan ta tashi.

Na gaji, Tsoho. Ba mutuwar nake tsoro ba… a'a, ƙarya nake, ina tsoro. Na ga yadda ka yi, matasai a bayanka, baki buɗe, kana neman iska a ɗakin da duk tagoginsa a buɗe suke. Sai dai gajiyar ta fi tsoron yawa.

Ƙarar ta tsaya.

Ga shi nan ya fito… innalillahi. Fari fat, har gira. Kai ne sak. "An gama, Mama, yau za ki yi barci lafiya." Murna yake, ɗan banza, don ni ya yi. Ya tuɓe rigar ya jefa bakin famfo, ya shige wanka. Faɗan yana nan a bakina, iskar yinsa ce babu. Bari na tara numfashi tukuna, bari…

Matarsa ce wannan. Yarinyar kirki, ba ta ganin wanki ta wuce. Jaririyarsu tana goye a bayanta. Ta sunkuya ta ɗauki rigar, ta kama kafaɗa, ta kama ɗayar…

Zuba ruwa, 'yata. Jiƙa ta a inda take, kada ki…

Tari. Ba yanzu ba, don Allah, ba yanzu ba. Bakina yana motsi, ba abin da ke fita. Na ɗaga hannu, ta ɗauka gaisuwa ce, tana min murmushi, "Sannu, Mama." Jaririyar ta leƙo ta kafaɗarta, ɗan bakinta a buɗe.

Ta ɗaga rigar sama, cikin hasken rana.