Humrar da Babu Jibda

A unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda babu amaryar da za ta shiga ɗakin miji ba da humrar Sauda a jikinta ba. Sauda ce ke faɗar haka da bakinta, kuma abin haushin, gaskiya take faɗa. Tun tana yarinya a Madani, can Sudan, ta koyi haɗin a wurin mahaifiyarta: sandal, farce, miski, kanumfari, sannan jibda, wani maiƙo mai duhu da take saye a cikin ƙahon sa wurin wata Bahabashiya a unguwar Ammariyya. Jibda ita kaɗai wari gare ta, amma ɗan lakuce a kwalba shi ke riƙe ƙamshi, a yi ta wanke lafaya yana nan bai gusa ba.

Yanzu layi ya zo kan 'yarta tilo, Nuha. Tun kafin a sa rana Sauda ta haɗa mata kwalba guda ta ɓoye a ƙasan sif tana tsumuwa, jibda kuwa ta zuba ba ƙyashi. Ta shafa wa 'ya'yan mutane iyakar shafawa, burinta a duniya bai wuce ta shafa wa tata da hannunta ba, matan unguwa su shaƙa su san wace ce uwar amarya.

A Jidda aka haifi Nuha. Tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki rabin maganar Larabci ne. Tana aiki a wani gidan gahawa na zamani, irin wanda ake auna ruwa a sikeli kamar za a haɗa magani. Wata rana sai ga ta tun kafin la'asar, ta jefar da jaka a kujera.

"Na bar shugul, Ummi. Halas."

"Ana shirin biki ki bar aiki? Me suka yi miki?"

"Ba ni ba. Shufi, duba," ta ce, ta miƙa mata waya.

Ashe mai gidan gahawar ne ya yi odar wata gahawa daga Indonesiya, wadda ake cewa ta fi kowacce tsada. Wata dabba ce, dangin tunkun jibda, take haɗiye 'ya'yan gahawar, ta fitar da ƙwayar a kashinta, a tsince, a wanke, a soya, a sayar wa masu kuɗi. Sauda ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita dai ta ga ikon Allah, mutum da motarsa da agogonsa ya bi layi ya sayi kashi. Sai Nuha ta danna hoton ya fara tafiya, dariyar ta tsaya. Dabbobin na cikin kejin waya da bai fi akwatin lemo ba, babu abin da ake ba su sai 'ya'yan gahawa, gashinsu ya zube, wata na ta kai-komo ba ta tsayawa, wata ta cinye rabin wutsiyarta. Tausayi ya kama Sauda sosai, har ta kawar da kai.

"Na ce wa mudir, mai gidan, ba zan zuba wa kowa ba," in ji Nuha. "Ya ce ya'ani ba shi ya kulle su ba, shi saye ya yi. Kuma an riga an tara, zubarwa asara ce."

"Ji maganar banza," in ji Sauda. "In babu mai saye, wa zai kulle? Kin yi daidai, 'yar albarka. Ni na haife ki."

Da Sauda ta tsaya a nan, da ta tsira da mutuncinta. Amma ita in ta samu gaskiya a hannu ba ta iya cin ta ita kaɗai, sai ta raba wa unguwa. Mai kayan miya ya ji, direban da ya kai ta kasuwar Balad ya ji, wata baiwar Allah da ta zo sayen turaren wuta kawai ita ma sai da ta kalli kejin. Ranar Alhamis, da mata suka taru shan jabana, gahawar mutanen Sudan, a gidan Ikilima a unguwar Madain Fahd kamar yadda suka saba, Sauda ta ja Nuha suka tafi tare, don a ga jarumar da ido.

Ikilima tsohuwa ce, ta girme wa Sauda nesa, marigayi mijinta ya daɗe yana fatauci a kan iyakar Sudan da Habasha. Tana zaune gaban kasko tana soya gahawa, Sauda kuwa ta kafa wa'azi. Ta zaga da waya hannu-hannu, ta jawo labarin matar nan da ta halaka saboda kulle mage, ta ce duk wanda ya kurɓi wannan gahawa ya shirya amsa gobe ƙiyama, mai saye da mai kullewa duk kanwar ja ce. Tana magana tana kaɗa hannu, ƙamshinta na cika ɗakin. Ta ji daɗin kanta ƙwarai a ranar, mata na ta cewa miskina, miskina.

Ikilima ta karɓi wayar daga ƙarshe, ta nisanta ta da ido, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai ƙanwar taki ce, Sauda," ta ce.

"Tawa kamar yaya, Yaya Ikilima?"

"Mai ba ki jibda mana. Ko kin ɗauka a bishiya take tsirowa?"

"A jikin itace yake gogawa a daji, mutane su bi su kankaro," in ji Sauda. Haka mahaifiyarta ta faɗa mata tana ƙarama, ita kuma ta riƙe, don labari ne mai daɗin riƙewa.

"Wanda za a kankaro a itace ko ƙahon akuya ba zai cika ba," in ji Ikilima, tana juya gahawarta. "Na gani da idona a wani gida da muka sauka ni da Alhaji. Kejin kara ne, siriri, ko juyawa ba ya iya yi. A sa sanda a danne wuya, a jawo wutsiya ta baya, a sa cokalin ƙaho a kwashe abin daga jikinsa yana kuka. Bayan 'yan kwanaki a sake. Haka har ya mutu. Miƙo kofinki."

Duk macen da ke wurin da humrar Sauda a jikinta ta zo, sai kowacce ta shiga gyara mayafi. Sauda ta miƙa kofin. Ba ta kalli Nuha ba, amma tana jin idonta a ƙeyarta.

Suna shiga gida Nuha ta tambaya, "Ummi, akwai jibda a tawa humrar?"

"Ɗan kaɗan ne."

"Ba zan shafa ba."

Nan Sauda ta tattaro hujjoji. Ta ce nasu na Afirka ne, ƙato, ya fi wancan jure wahala. Ta ce wannan gadon iyaye ne, ba yayin 'yan gayu ba. Ta ce ita ko hanyar Habasha ba ta sani ba, saye ta yi da kuɗinta. Ta ce kuma an riga an kwasa, an riga an haɗa, in an zubar ba zai koma jikin dabbar ba, asara ce kawai. Tana rufe baki ta ji muryar wanda ta ara. Nuha ta ɗaga gira kawai ta shige ɗaki. Sauda ta zauna a bakin gado ta ce a ranta, to mudir, ashe ni da kai uwa ɗaya uba ɗaya muke, bambancin kawai kai kana da na'urar sanyaya ɗaki mai kyau.

Ta yi fushi da Ikilima, ta yi fushi da Bahabashiyar, ta yi fushi da duk wanda ya ƙirƙiro waya mai hoto. Da ta rasa wanda za ta ƙara, dole ta dawo kanta, ita mai dogon bakin. Abin da ya fi yi mata ciwo ba kunyar ɗakin Ikilima ba ce. Tsoro take ji kada 'yarta ta fita ranar aure da turaren kanti, na kwali, irin wanda kowace mace mai albashi ke fesawa.

Sai ta sake sabon haɗi. Ta ƙara sandal, ta ƙara farce, ta sayo wani man kanti da mai shago ya rantse mata yana riƙe ƙamshi. Humrar ta yi daɗi, ba laifi, amma ba ta zama. A shafa bayan azahar, kafin la'asar ta yi sallama. Rannan Nuha ta fita, Sauda ta ɗauko ƙahon, ta tsoma tsinken ashana, ta tsaya da shi a bakin kwalba. Wa zai sani? Sai ta tuna yarinyar nan hanci ne sana'arta, ta shaƙi gahawa ta gaya maka ƙasar da aka noma ta. Ta goge tsinken a tsumma. Ta so ta ce tsoron Allah ne ya hana ta, amma ta san da tsoron kamu a ciki, kuma shi ya fi yawa.

Ranar biki mata suka cika gida. Aka zaunar da Nuha cikin jan lafaya, Sauda ta durƙusa gabanta da sabuwar kwalba, ta shafa mata a wuya da hannaye. Gwaggon ango, Hajiya Fatu, wadda ta aurar da 'ya'yanta mata gaba ɗaya da humrar Sauda, ta matso ta shaƙa, ta sake shaƙa.

"Wannan wa ya haɗa?"

"Ni ce, Hajiya."

"Ikon Allah. 'Ya'yan wasu ki cika musu, taki ki tsuke hannu?"

Maganar ta soki Sauda har ƙashi. Bayani na nan a bakinta, dogon wa'azi da keji da cokalin ƙaho, ta kuwa iya shi. Ta dubi matan, kowacce na tashin ƙamshin da ita ta sayar mata, ta haɗiye abinta.

"Haka na iya bana, Hajiya," ta ce.

Ba a daɗe ba, ana cikin guɗa da ɗaukar hoto, Nuha ta shinshina hannunta ta waiwaya tana neman uwarta. Sauda na can bakin ƙofa tana rigima da masu rabon shinkafa, inda uwar amarya ta saba ƙare bikin 'yarta.

"Ummi, ta'ali, zo. Ƙamshin ya tafi."

Sauda ta zo ta ƙara mata. Ta juya za ta koma, Nuha ta riƙe mata gefen lafaya.

"Zauna hina, kusa da ni. Zai tafi kuma."

Haka aka yi bikin. Shinkafa ta rabu yadda ta ga dama, wasu sun samu nama wasu ba su samu ba, kuma an yi ta maganar daga baya. Sauda na zaune a jikin 'yarta da kwalba a cinya, ƙamshi na gudu tana mayarwa. Mata na gulmar hannunta ya mutu, tana jin su, kuma ya dame ta, don ba waliyyiya ba ce. Amma tun Nuha na goye rabon da ta taɓa ta da yawa haka.

Da motar ango ta iso kwalbar saura kaɗan. Sauda ta juye ragowar a tafinta, ta shafa mata a wuya, a bayan kunne, a tafin hannu, ta ci gaba da shafawa bayan hannun ya bushe.

"Ummi, ya ƙare," in ji Nuha.

"Na sani," in ji Sauda, ba ta saki hannun ba. "Ku ce wa direban ya ɗan jira."